Bin Sawun Wayar Wuta: Daga Kumbotso Zuwa Lungunan Birnin Kano

Kano gari ne da masu zanen taswira suka daɗe suna yi wa hidima. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shigo birnin a 1824, ya zana ganuwa da kasuwa da fadamar Jakara. Bayansa Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya zana unguwanni har da sunayensu. Da Turawan mulki suka zauna da gindinsu, sai suka baza malaman taki cikin karkara suna auna gonaki da ƙafa domin a yanka haraji. Yau kuwa yaro mai wayar hannu yana iya leƙo rufin gidansu daga hoton tauraron ɗan Adam. Duk da wannan dogon tarihi, akwai wata Kano da ke rataye a saman kawunanmu wadda kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin taswirarta, wato Kanon turaku da wayoyi da transifomomi. Ita ce ke yanke hukuncin ko tela zai yi ɗinki yau, ko mai ƙanƙara zai kwashe riba ko ruwa, ko ɗalibi zai yi karatun dare.

A hutun zangon karatu da ya gabata, cikin hunturu, na ɗebi wasu ɗalibaina na fannin labarin ƙasa muka yi kwana uku muna bin sawun waya, tun daga inda wuta take sauka a Kano har zuwa inda take shiga soron talaka. Guzurinmu wayoyin hannu masu nuna matsayin wuri, da littattafan rubutu, da takalman da za su jure ƙura. Abin da muka gani shi nake so in ba mai karatu labari, domin yana da alaƙa da aljihunsa.

Mun fara daga Kumbotso, kudu da birni. A nan babbar tashar kamfanin dakon wuta na ƙasa take, kuma a nan layin da ya taso daga Mando ta Kaduna yake sauke kayansa. Ba mu nemi shiga ba, daga bayan shinge muka tsaya. Ko daga nan ɗin mutum yana jin wani gurnani mara yankewa, kamar na amyar zuma, yana fitowa daga manyan na'urori. Hasumiyoyin ƙarfe sun jeru sun nufi kudu har hazo ya haɗiye su. Wutar da ke kansu tana tafe ne da ƙarfin kilobolt 330, wani kaso nata daga madatsun ruwan Jihar Neja, irin su Kainji da aka buɗe a 1968 da Shiroro da ta fara aiki a 1990, wani kason kuma daga tashoshin iskar gas na kudancin ƙasar. A Kumbotso ake rage mata ƙarfi zuwa kilobolt 132, a raba ta: wata ta shiga cikin gari, wata ta nufi Katsina, wata ta yi gabas. Daga Katsina ma akwai layin da ya tsallaka iyaka zuwa Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Wani ɗalibina ya dubi hasumiyoyin ya ce, "Malam, ashe wutar duk wannan yanki a kan igiya ɗaya take rawa." Bai yi ƙarya ba. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu.

Manyan layuka irin waɗannan ba su da wuyar sani. Ƙalilan ne, kuma kowace hasumiya tana da lambarta. Rikicin yana farawa ne bayan wuta ta bar hannun masu dako ta faɗa hannun masu rarrabawa.

Daga Kumbotso muka biyo layin da ya nufi cikin gari. A dokar ƙasa, layi mai kilobolt 330 yana da haramin mita 50 da ba a gini a cikinsa, mai 132 yana da mita 30, ƙananan layuka masu 33 da 11 kuma mita 11. A hanya mun ga rumfunan masu sana'a da harsashin gidaje sun kutsa cikin wannan harami, wasu ma an kai linta. Wani magidanci da muka tarar yana duba aikin gininsa ya ce mana shi dai fili ya saya da kuɗinsa, da shaidu da takarda, kuma babu wanda ya ce masa komai game da waya. Na yarda da shi. Mai sayar da fili da taswirarsa, mai shimfiɗa waya da tasa, kuma ba a taɓa ɗora ɗaya a kan ɗaya ba. Muka ratsa Sharaɗa, unguwar masana'antu, inda wasu kamfanoni ke aiki da ƙarar janareta, wasu kuma ƙofofinsu sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye harabarsu.

Da la'asar muka iso tashar Ɗan Agundi, daura da tsohuwar ƙofar da ta ba ta suna. Wuri ne da zamani biyu suka yi kafaɗa da kafaɗa: ga ragowar ganuwar ƙasa, ga ƙarafa da tangaran na rataye waya. Nan ake sake rage ƙarfin wuta zuwa kilobolt 33. Daga nan ta tafi ƙananan tashoshi a mai da ita 11, ta fita a kan layukan da ma'aikata ke kira fida. Kowace fida tana ɗauke da transifomomi masu yawa, kowace transifoma kuma tana mai da wutar zuwa bolt 230 ko kusa da haka, irin wadda fanka da firji suke iya sha. Tsarin kamar bishiya yake, daga gindi zuwa rassa zuwa ganye. Wanda ya san wane ganye ne a kan wane reshe, shi ya san harkar wuta.

Rana ta biyu muka shiga cikin birni da ƙafa, domin lungunan da muka nufa ko babur da ƙyar yake ratsa su. Wuta ta shigo Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta wuce hannun hukumomi iri-iri: ECN, sai NEPA daga 1972, sai PHCN daga 2005, sannan a watan Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarrabawa ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗo a rabon KEDCO. Kowane zamani ya bar sawunsa a lungu. Ga turken katako da ya girmi iyayen ɗalibaina, ga na siminti kusa da shi. Gari ya yi ta hayayyafa, gida ɗaya na gado ya rabu huɗu, soro ya zama shago, kango ya zama bene, kowa kuma ya ja tasa wayar daga inda ya fi masa kusa. A wasu mahaɗun, wayoyin sun cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Mun ga gidajen da suka ja waya daga layi biyu ko uku, idan wannan ya ɗauke a sauya zuwa wancan.

A nan aka haɗa mu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin NEPA da ya yi ritaya, wanda mutanen unguwa har yanzu suke bugawa ƙofa idan wuta ta rikice. Ya karɓe mu a dakalin ƙofar gidansa. Na ce, "Baba, so muke ka nuna wa yaran nan inda wutar unguwar nan take fitowa." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai sai dai ku biyo ni, don a takarda ba za ku same shi ba." Ya shige gaba da sandarsa. Ya nuna mana inda wata waya ta nutse ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo bayan masallaci, da inda aka taɓa yanke layi aka mai da rabin lungu kan wata transifoma a shekarar da aka yi ambaliya, da gidaje biyu masu katanga ɗaya waɗanda wutarsu ba daga fida ɗaya take ba. Duk wannan a kansa yake. Da muka zo rabuwa ya ce, "Abokan aikina da suka san wannan, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya." Ɗalibata guda ta rubuta maganar a littafinta, ta ja mata layi.

Maganar dattijon nan ita ce ta kawo mu kan abin da ake kira GIS, wato tsarin haɗa taswira da rumbun bayanai a cikin kwamfuta. Wani masanin labarin ƙasa, Roger Tomlinson, shi ya jagoranci gina irinsa na farko a Kanada cikin shekarun 1960 domin lissafin filaye. Hikimarsa mai sauƙi ce. Taswirar takarda tana nuna maka inda abu yake. Wannan kuwa, kowane ɗigo da ke kanta yana ɗauke da tarihinsa. Ka taɓa ɗigon transifoma, sai ta gaya maka girmanta, da shekarar da aka kafa ta, da ranar da aka duba manta, da fidar da take sha, da jerin gidajen da ke ƙarƙashinta. Bayanan kuma a shimfiɗe suke hawa-hawa, kamar tabarmi a kan tabarma: shimfiɗar tituna, shimfiɗar gidaje, shimfiɗar turaku, shimfiɗar masu biyan kuɗi. Abu mafi muhimmanci ga harkar wuta shi ne kwamfutar ta san abin da ke haɗe da wani. Idan aka ce mata an buɗe makunni a wuri kaza, nan take za ta lissafo duk gidajen da suka shiga duhu.

Amfanin farko a wajen gyara yake. Inda babu irin wannan taswira, idan fida ta faɗi sai ma'aikata su bi ta turke bayan turke suna ɗaga kai, wani lokaci yini guda. Inda take, idan mutum biyar suka buga waya daga wurare daban-daban, na'ura za ta duba inda layukansu suka haɗu ta ce a fara dubawa daga can. Mai walda da ya rasa yini ɗaya da wanda ya rasa awa biyu, ba ɗaya suke komawa gida ba.

Amfani na biyu shi ne gano inda wuta take zurarewa. A ɗauka, a matsayin misali, an sa mita a jikin transifoma ta nuna yunit 100 sun fita, amma da aka tara abin da gidajen da ke ƙarƙashinta suka sha sai aka sami 60. Ina 40 suka tafi? Wani kaso zafi ya cinye shi a cikin waya, domin waya idan ta yi tsawo ko ta yi siriri tana ɓarnar wuta, kuma idan nauyin da ke kanta ya ninka biyu, ɓarnar ninkawa huɗu take yi. Shi ya sa gidan da ke ƙarshen layi ƙwansa yake ja kamar garwashi. Wani kason kuma satar wuta ce, ko gidajen da ba su cikin rajista. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai an san takamaimai wane gida ne a kan wace transifoma. Idan ba a sani ba, sai a koma kintace, a raba asarar a kan waɗanda aka sani. Kusan rabin masu rajistar wuta a Nijeriya ba su da mita, kuma duk da iyakar da hukumar NERC ta sa wa bil ɗin kintace tun 2020, mai gaskiya ne yake ɗaukar kayan wanda ya ɓuya.

Na uku ya shafi farashi kai tsaye. Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya a kan yadda yake a da. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fida ake sa wa rukuni, gida kuma ya gaji rukunin fidarsa. Ka tuna gidajen nan biyu masu katanga ɗaya da dattijo ya nuna mana. Idan rajista ta ɗora gida a kan fidar da ba tasa ba, mai gidan zai biya kuɗin awa 20 yana shan wutar awa 8, ko kuma akasin haka, kamfani ya yi asara. Kuskuren ɗigo ɗaya a taswira yana iya zama kuɗin makarantar yaro. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu, kuma a nan duhun har da farashinsa.

Na huɗu shi ne tsara gaba. Rana ta uku mun fita bayan gari, wajen sababbin unguwannin da ake kira awon igiya, inda gini yake riga titi da kwata da turke isowa. A irin waɗannan wurare jama'a ne suke yin karo-karo su sayi turaku da waya, wani lokaci har da transifoma, su ja layi daga unguwar da ta riga su. Transifoma mai ƙarfin ɗaukar gida kaza sai ta wayi gari da ninkinsu, ga injin markaɗe, ga masu ƙanƙara, ga famfunan burtsatse. Ranar da ta ƙone, sai a koma karo-karo. Da ana ɗora hoton tauraron ɗan Adam na bana a kan na bara, a kuma ɗora taswirar layuka a kai, da an ga inda rufin kwano yake ƙaruwa tun kafin transifomar ta fara hayaƙi. Da irin wannan lissafi ne kuma ake gane ƙauyen da ya fi dacewa a ja masa layi, da wanda nisansa ya sa ƙaramar tashar sola za ta fi masa araha.

Wasu ƙasashe sun gwada. A arewacin birnin Delhi na Indiya, lokacin da kamfanin Tata ya karɓi rarraba wuta a 2002, fiye da rabin wutar ɓacewa take yi tsakanin ɓarna da sata da rashin biya. Cikin shekarun da suka biyo baya asarar ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100, kuma sanya kowane turke da kowane mai mita a taswirar kwamfuta yana cikin ginshiƙan aikin, tare da sauya wayoyi da mitoci da hukunta ɓarayi. A Kenya, shirin kai wuta gidajen talakawa da aka ƙaddamar a 2015 ya ɗauki gidajen da ke cikin mita 600 daga transifoma, ma'aunin da ba ya aiki sai an san mazaunin kowace transifoma. Mu ma a nan ba baƙin abin ba ne. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an zana taswirar ƙauyuka da rugage na Kano da maƙwabtanta daga hotunan sama, aka ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, aka gano garuruwan da tsofaffin taswirorin hannu suka tsallake. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Garin da ya iya bin sawun ɗigon magani lungu-lungu ba zai gaza ƙirga turakunsa ba.

Sai dai kada a ɗauka sayen manhaja shi ne aikin. Hukumar NERC ta daɗe tana umartar kamfanonin rarrabawa su ƙidaya kadarorinsu da abokan cinikinsu, kuma an ga masu ƙidaya suna manna lambobi a turaku da ƙofofi a garuruwa da dama. Wahalar tana wajen raya taswirar bayan an gama ta. Yau aka sauya wa lungu transifoma, gobe aka raba gida, jibi aka ja sabon layi. Idan ma'aikacin da ya hau turke bai shigar da abin da ya yi ba kafin ya sauko, cikin shekara biyu taswirar ta zama tatsuniya, kuma taswirar ƙarya ta fi rashin taswira haɗari ga wanda zai kama waya yana zaton an kashe ta. Akwai kuma batun yarda. A lungu guda, wata dattijuwa ta leƙo daga zaure ta tambayi ɗalibaina, "'Ya'yan nan, ƙarin kuɗi za a yi mana ne kuke rubuta gidajenmu?" Tambayarta tana da tushe, domin tun zamanin malaman taki talaka ya san awo da haraji tare suke tafiya. Idan ana so jama'a su buɗe ƙofa, sai su ga ribarsu: mita ta zo, gyara ya yi sauri, bil ya daidaita. Kuma bayanan gidajen mutane amana ce, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk wanda ya tara su.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta sa mata ido. Duk jihar da za ta ɗauki wannan nauyi, abin da ya kamata ta fara tambaya shi ne taswira, don ba a kiwon dabbar da ba a san adadinta ba. Jihohi irin su Kaduna da Kano sun riga sun kafa hukumomin taswirar filaye na kwamfuta. Abin da ya rage shi ne taswirar fili da taswirar waya su zauna a teburi ɗaya, yadda ba za a sake ba mutum takardar gini a ƙarƙashin layin kilobolt 132 ba. Jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya suna yaye ɗaruruwan matasa da suka iya wannan aiki, ga kuma manhaja irin QGIS da ake saukewa kyauta. A haɗa su da tsofaffin ma'aikata irin dattijon da ya zagaya da mu, da masu unguwanni da suka san kowane gida da mai shi, a kwashe abin da ke kawunansu tun suna raye. Ya kamata kuma a wallafa iyakokin kowace fida a fili, yadda kowane magidanci zai duba ya ga rukuninsa, ya ƙirga awanninsa, ya yi ƙorafi da hujja.

Mun rufe tafiyar a kan Dutsen Dala, gab da magariba. Daga can birni yake shimfiɗe har iyakar gani. Da duhu ya fara sauka, sai unguwanni suka rarrabu: nan fitilu sun kama reras, can baƙi ƙirin sai ɗaiɗaikun hasken sola, tsakaninsu kuma iyaka miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare. Ɗalibaina suka fito da zanen da suka yi cikin kwana ukun, suna gwada shi da abin da ke gabansu, suna musu a kan wace fida ce ta ɗauke. Biyu daga cikinsu sun ce a kan wannan za su rubuta kundin kammala karatunsu, kuma sun riga sun koma wajen dattijon da sabon littafi. Ina fata masu rarraba wuta da hukumomin jiha za su buɗe musu ƙofa idan sun ƙwanƙwasa.